Guzurin da ƙwan mace ke ɗaurewa kafin tafiya

A ɗakin gwaje-gwajen IVF, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, ko na Asibitin Ƙasa da ke Abuja ko na asibitocin kuɗi da ke cikin birnin, kwana na uku shi ne ranar da masu kula da 'yan tayi suka fi zuba wa ido. An ciro ƙwai daga jikin mace, an haɗa shi da maniyyi, bayan awa 16 zuwa 18 an leƙa an ga cibiyoyi biyu, ta uwa da ta uba, alamar haɗuwa ta yiwu. A kwana na biyu sel, wato ƙwayoyin halitta, huɗu ake son gani, a na uku shida zuwa takwas. Daga nan ne hanya ke rabuwa. Wasu 'yan tayin su dunƙule a kwana na huɗu, su buɗe rami mai ruwa a tsakiyarsu a na biyar, su isa a mayar da su mahaifa. Wasu kuma su tsaya cik, zafin akwatin reno yana nan daidai a digiri 37, ruwan renon bai canza ba, amma ba su ƙara motsi ba. Kusan rabi ne kawai ke kaiwa kwana na biyar.

Dalilin da ya sa wannan rana ta zama mararraba shi ne, kafin ita ɗan tayi bai fara karanta ƙwayoyin gadonsa sosai ba. Duk abin da yake yi a kwanaki biyu zuwa uku na farko, da kayan da uwa ta zuba a cikin ƙwai tun watanni kafin a san za a yi cikin yake yin sa. A 1988 Peter Braude da abokan aikinsa a Ingila suka nuna haka: sun sa wa 'yan tayin ɗan Adam sinadarin da ke hana kwafar saƙo daga DNA, amma rabuwar sel ba ta tsaya ba sai tsakanin sel huɗu da takwas. A ɓera, wannan iyaka tana matakin sel biyu. A saniya tana tsakanin takwas da sha shida. In kuwa abin da aka toshe shi ne ƙera furotin, to ba a zuwa ko'ina tun daga farko. Ke nan ɗan tayi na iya jinkirta buɗe littafinsa, amma ba ya iya kwana ɗaya ba tare da injin ƙera furotin ba. Wannan inji shi ake kira raibosom.

Wanda ya taɓa zama a shagon tela a kasuwar Wuse zai gane tsarin. DNA shi ne babban littafin awo da ke kulle a cibiyar sel, ba a fita da shi. Abin da ake fitarwa kwafi ne na shafi ɗaya, wato mRNA. Raibosom shi ne keken: yana kama takardar, yana bin haruffanta uku-uku, yana jera sinadaran amino asid iri 20 ɗaya bayan ɗaya, kamar biyar ko shida a daƙiƙa guda, har furotin ya fito ta wani siririn rami da ke jikinsa. George Palade ne ya fara bayyana shi a 1955 da maikiroskof na ilektiron. Faɗinsa bai wuce nanomita 25 zuwa 30 ba. A dabbobi masu shayarwa ɓangare biyu gare shi, ƙarami 40S da babba 60S, in sun haɗu ana ce musu 80S (S awon saurin kwanciya ne a kwalba, ba a tara shi kamar lissafi). A cikinsa akwai zaren RNA huɗu, 18S da 28S da 5.8S da 5S, da furotin kusan 80.

Ƙera raibosom ɗaya aiki ne mai tsada ƙwarai. Ana farawa a wani dunƙule da ke cikin cibiyar sel mai suna nukiliyolas, inda wani inzayim, wato furotin mai gudanar da aiki a sel, mai suna RNA polimares na ɗaya, ke kwafo dogon zare na 47S daga wuraren da ke kan kuromosom, wato ƙunshin DNA, na 13, 14, 15, 21 da 22 a ɗan Adam. Sai a yayyanka zaren, a gyara shi, a ɗora masa furotin, da taimakon wasu furotin fiye da 200 da ba sa ma shiga cikin kayan da aka gama. Abin lura shi ne, waɗannan furotin 80 da mataimakansu 200, raibosom ne ke ƙera su. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan tayin da ya zo duniya ba shi da raibosom ba zai taɓa iya ƙera na farko ba.

Uba ba shi da abin da zai taimaka da shi a nan. Maniyyi yana zubar da kusan duk ruwan cikinsa kafin ya nuna, RNA ɗin raibosom da ya rage masa ma a gutsuttsure yake. Abin da yake kawowa shi ne rabin DNA, da wani furotin mai suna PLC-zeta da ke tayar da ƙwai ta hanyar sakin kalsiyam, da kuma ƙaramin ginshiƙin da ke shirya rabuwar sel ta farko a ɗan Adam. Keken ɗinki dai, har na ƙarshe, na uwa ne.

Mutane da yawa sun ji cewa ana haihuwar 'ya mace da ƙwayayenta, miliyan ɗaya zuwa biyu, kuma haka ne. Sai dai waɗancan ƙwayaye ƙanana ne, a kwance suke, wasu har shekara arba'in. Tarin raibosom ba a lokacin ake yin sa ba, sai ran da aka tashi ƙwan ya fara girma. A ɓera girman yana ɗaukar mako biyu zuwa uku, faɗin ƙwan ya tashi daga ƙasa da maikiromita 20 zuwa kusan 80, cikinsa ya ninka fiye da sau 100. A ɗan Adam watanni ne, kuma ƙwan yana kaiwa maikiromita 120, abin da ido mai kyau zai iya hangowa kamar ɗigon ƙura. A wannan lokacin nukiliyolas yana aiki ba dare ba rana. Da girma ya kammala sai a rufe masana'anta gaba ɗaya: DNA ya nannaɗe ya zagaye nukiliyolas kamar zobe, kwafar saƙo ta tsaya, shi kansa nukiliyolas ya koma ƙwallo mai tauri da ba ya ƙera komai. Daga wannan rana, har a saki ƙwan, har maniyyi ya shige shi, har ya rabu sau ɗaya a ɓera ko sau biyu zuwa uku a mutum, ba a ƙara sabon raibosom. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma tafiyar ta gaske ce. Ɗan tayi yana gangarowa ta bututun ƙwai kwana uku zuwa huɗu, ba ya manne a jikin uwa sai wajen kwana na shida ko na bakwai. Yana rabuwa amma ba ya girma, kayan da ke cikin sel ɗaya ne ake raba wa biyu, huɗu, takwas. Ƙwan kwaɗo ya warware wannan matsala ta hanyar tara kaya da yawa: yana ninka ƙwayoyin gadon raibosom ɗinsa, kamar yadda Donald Brown da Igor Dawid da kuma Joseph Gall suka nuna a 1968, ya buɗe nukiliyolas fiye da dubu, ya tara raibosom kusan tiriliyan ɗaya. Ƙwan ɓera ƙarami ne, duk RNA ɗin da ke cikinsa bai kai nanogiram ɗaya ba, kuma mafi yawansa na raibosom ne. Guzurin kaɗan ne, don haka adana shi ya zama dole.

Tara kaya daban, adana shi daban. Manomi ya sani: hatsin da aka zube a ƙasa, kafin bazara gara da danshi da ɓera sun raba shi. Raibosom da ke zaune ba aiki yana fuskantar haɗari iri biyu. Na farko, sel ba ya son kayan da ba a amfani da su, yana da inzayim masu yanka RNA da jakunkunan narkar da tsofaffin kaya, su mayar da su abinci. Na biyu, kuma shi ya fi muni, raibosom na iya kama saƙon da lokacinsa bai yi ba. Ƙwai cike yake da mRNA da aka tanada don nunarsa da kuma bayan haɗuwa, an gajarta musu wutsiya an rufe su. Saƙon furotin irin su Mos da saikilin B1 ba a tsawaita wutsiyarsa a karanta shi sosai sai ƙwai ya shiga nunar ƙarshe. In aka ɗinka rigar kafin ranarta, tsarin rabuwar kuromosom ya rikice.

Tun shekarun 1960 masu duba ƙwayayen ɓeraye da danginsu da maikiroskof na ilektiron suke ganin wasu zaruruwa jere-jere sun cika ruwan cikin ƙwai, kamar ragar kamun kifi da aka yayyanka aka watsa. Ba a ganin irinsu a sauran sel na jiki. Suna bayyana yayin da ƙwai ke girma, suna nan a sel biyu da huɗu da takwas, sai su ɓace wajen lokacin da ɗan tayi ya buɗe raminsa. Wannan lokaci kaɗai ya isa ya sa a yi zargin ma'ajiya ce. A 1971 Burkholder da abokan aikinsa suka ce ragar ita ce siffar da raibosom ke ɗauka in an ajiye shi. A 1981 Rosemary Bachvarova ta kawo hujjar da ta fi ƙarfi. Raibosom da ke yawo shi kaɗai ba ya kwanta a gindin kwalba sai an juya shi da na'ura da ƙarfi mai tsanani, wajen ninki 100,000 na nauyinsa. Amma da ta fasa ƙwayayen ɓera, sai mafi yawan raibosom ɗinsu suka kwanta da ɗan juyi mai sauƙi. Abin da hakan ke nufi shi ne suna maƙale da wani abu babba, kuma ba sa cikin aiki.

An yi shekaru da dama maganar tana nan a haka, domin ba a san da me aka saƙa ragar ba, balle a cire ta a ga abin da zai faru. Sai da fasahar kashe ƙwayar gado ɗaya a ɓera ta zo. A 2000 masu bincike a Amurka, ciki har da Lawrence Nelson da Jurrien Dean, suka kashe wata mai suna Mater, wadda yanzu ake kira NLRP5. Matan ɓerayen lafiyarsu ƙalau, suna sakin ƙwai, maniyyi yana shiga, amma 'yan tayin ba sa wuce sel biyu. A 2008 ɗakin binciken Dean ya bayyana cewa wannan furotin yana aiki ne a ƙungiya tare da OOEP da TLE6 da KHDC3. A shekarar dai, Piraye Yurttas da Scott Coonrod suka duba ɓerayen da aka kashe wa PADI6, ɗaya daga furotin da suka fi yawa a ƙwai. Ragar ta ɓace ɗungurungum. Sassan raibosom da a da ke maƙale suka koma yawo a ruwa. A matakin sel biyu yawansu ya ragu, ƙera furotin ya hargitse, ɗan tayin ya kasa kunna ƙwayoyin gadonsa yadda ya kamata, ya tsaya a nan. PADI6 ɗan gidan wasu inzayim ne masu sauya amino asid ɗin ajinin, amma gwaje-gwaje ba su same shi yana wannan aiki ba. Aikinsa gini ne, shi ne tubalin rumbun.

Binciken da ya sake fasalin maganar ya fito a 2023 daga ɗakin Melina Schuh a cibiyar Max Planck da ke Gotingen a Jamus, Ida Jentoft ce kan gaba. Sun daskarar da ƙwai farat ɗaya yadda ƙanƙara ba za ta fasa komai ba, suka feƙe shi siriri, suka ɗauki hotonsa ta kusurwoyi da yawa. Sun ga ragar zaruruwa ce da aka ɗaure gefe da gefe, mai faɗin fuska, kuma PADI6 da waccan ƙungiya ta NLRP5 su ne jikinta. Sun kuma gyara wani kuskure da aka daɗe a kai: an ɗauka ƙungiyar a bakin ƙwai kawai take, ƙarƙashin fata, ashe sinadarin da ake rina ta da shi ne ba ya iya kutsawa ciki saboda yawanta. Tana ko'ina a cikin ƙwan. Sannan abin da ke rataye a jikinta ya wuce sassan raibosom. Akwai furotin da yawa da ɗan tayi zai buƙata, har da masu kula da alamomin da ke kan DNA irin su UHRF1. In babu raga, waɗannan ba sa taruwa.

A ganina wannan ne wurin da ya kamata malamai da ɗalibai su gyara yadda suke faɗin abin. Zancen 1971 cewa ragar raibosom ce da aka jera bai tsaya ba. Abin da ya tsaya shi ne ragar rumbu ce, raibosom yana cikin abin da ke dogara da ita, amma ba shi kaɗai ba. Don haka in ɗan tayin ɓera marar PADI6 ya tsaya a sel biyu, ba daidai ba ne a ɗora duka laifin a kan ƙarancin raibosom. Rumbun da ya rushe, gero da dawa da wake duk tare suke zubewa.

Saura tambayar yadda ake kashe keken kansa. Amsar da ta fi fitowa fili ta zo ne daga kifi da kwaɗo, a aikin ɗakin Andrea Pauli a Viyana, shi ma a 2023. Sun sami furotin huɗu zaune a kan raibosom ɗin ƙwai, biyu-biyu. Habp4 yana kwanciya a hanyar da mRNA ke bi, tare da eEF2, sai takarda ta rasa wurin shiga. Dap1b kuma yana cusa kansa cikin ramin da furotin ke fita, eIF5a yana riƙe da shi. An toshe mashiga an toshe mafita. Da aka cire Habp4 a kifi sai yawan raibosom ya ragu, wato shi ne mai kare su daga lalacewa. Da aka cire Dap1b da ɗan'uwansa Dap sai ƙera furotin ya ƙaru kafin lokaci. Bayan haɗuwa da maniyyi ana zare waɗannan matosai a 'yan awoyi. Dabarar tana da wani amfani na daban: eEF2 da eIF5a su ne dai raibosom ke buƙata in ya fara aiki, ke nan an ajiye keke tare da man shafa masa. Bai kamata a kwashi wannan sakamako a ɗora wa ƙwan mace kai tsaye ba, kifi ba mai shayarwa ba ne. Amma akwai dalilin ɗaukarsa da muhimmanci. Dap1b na kifi ya toshe raibosom ɗin zomo a kwalba, kuma sel na masu shayarwa suna da SERBP1, ɗan'uwan Habp4, wanda aka gani zaune da eEF2 a kan raibosom masu barci.

Sauran ma'ajiyoyin da ke cikin ƙwai, a taƙaice: saƙonnin mRNA suna taruwa a kewayen maitokondiriya, injinan samar da ƙarfi na sel, da taimakon furotin ZAR1, kamar yadda ɗakin Schuh ya nuna a 2022, sannan a 2024 ɗakin Elvan Böke a Basalona ya bayyana wasu dunƙulen jakunkuna da ke tattara furotin da suka lalace har sai ƙwai ya nuna a narkar da su.

A asibiti wannan ilimi yana da fuska. A 2015 likitoci a Riyad suka sami tawaya a TLE6 a iyalan da ke auren zumunci, matan da ƙwayayensu ke tsayawa tun a matakin farko. A 2016 masu bincike a Shanghai suka sami irin haka a PADI6: an yi IVF sau da yawa, ƙwai masu kyan gani, amma kowane zagaye 'yan tayin su tsaya kafin kwana na biyar. Gadon kamar na sikila yake. Uwa da uba kowanne yana ɗauke da kwafi ɗaya mai tawaya ba tare da wata alama ba, kamar AS da AS, kowace haihuwa akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a gaji biyun. Namijin da ya gaji biyun yana haihuwa, domin maniyyi ba ya gina raga. Macen da ta gaje su lafiyarta ƙalau, al'adarta daidai, gwajin sinadaran jikinta daidai, hoton mahaifa daidai. Wannan ya sa ake shan wahala kafin a gano, kuma a tsakani akan jefe ta da maganganun da ba ta cancanta ba. Ba abin da ta ci ba ne, ba abin da ta aikata ba ne, abu ne da ta gada daga ɓangarori biyu.

Dangin waɗannan furotin suna da hannu a wani ciwon. Tawaya a NLRP7, wadda aka gano a 2006 a Kanada, da KHDC3L a 2011, tana sa mace ta riƙa yin cikin da ake kira mola a jere: mabiyiya ta kumbura ta zama ƙullutai masu ruwa kamar nonon inabi, babu jariri, ga zubar jini da amai mai tsanani, sinadarin hCG, wanda gwajin ciki ke aunawa, ya hau sama fiye da kima. A nan alamomin da uwa ke sa wa wasu ƙwayoyin gado ne ba su zauna ba. Yawancin mola na sau ɗaya ne kuma ba su da alaƙa da wannan gado. Amma kowace iri ce, bayan wankin ciki dole a ci gaba da auna hCG har ya sauka ya zauna, saboda kaɗan daga ciki suna rikiɗewa su zama kansa. Wadda ta yi sau biyu ko fiye, ya kamata a yi maganar gwajin ƙwayoyin gado da ita.

Sai dai a yi hattara da saurin yanke hukunci. Tawayar ƙwayar gado guda ba ita ce ta fi yawa cikin dalilan tsayawar ɗan tayi ba. Kuskuren adadin kuromosom ya fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma yana ƙaruwa da shekarun mace, musamman bayan 35. Yanayin ɗakin gwaji ma yana kashe ɗan tayi mai lafiya: zafi ya sauka daga 37, iskar kabon ta kauce daga kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari har tsamin ruwan reno ya fita daga 7.2 zuwa 7.4, a yawaita buɗe akwati, ko wuta ta ɗauke janareta ya yi jinkirin tashi babu inbata a tsakani. Abin da ke nuna matsalar ma'ajiyar ƙwai shi ne maimaituwa: duka 'yan tayin, a mataki ɗaya, zagaye bayan zagaye, a mace mai ƙuruciya, alhali na sauran mata da ke akwati ɗaya suna ci gaba. In ga 'yar'uwarta ma haka, ko iyayensu dangi ne, zargin ya ƙara ƙarfi.

Ma'auratan da suka sami kansu a nan suna da haƙƙin a ba su rahoton kowane zagaye a rubuce: ƙwai nawa aka ciro, nawa suka nuna, nawa suka haɗu, sel nawa a kwana na biyu da na uku, a wace rana kowanne ya tsaya. Da wannan takarda ne likita na gaba zai san ko sauya magani zai yi amfani, ko kuwa gwajin jini na ƙwayoyin gado ya kamata a tura kafin a sake sayar da fili a biya wani zagayen. Babu allura ko ƙwaya ko jiƙo da ke gina raga a ƙwan da ba shi da PADI6, kuma ƙara yawan allurar tayar da ƙwai yana ƙara adadinsu ne kawai, dukkansu da tawaya iri ɗaya. Matan da ke da tawayar NLRP7 sun haihu lafiya da ƙwan wata mace, abin da ya tabbatar cewa mahaifarsu ba ta da matsala. Amma malaman Sunna ba su halatta karɓar ƙwan wata ba, wasu majami'u ma haka, don haka likitan da zai kawo wannan magana a Abuja ya san cewa ba a ofishinsa za a yanke ta ba, ya ba ma'auratan bayanin a sarari tare da lokacin komawa gida su yi shawara.